Rabon Dabbobi a Falon Baba

Kafin in ba ku labarin abin da ya faru ranar Asabar, bari in fara gaya muku yadda aka yi sunana ya koma Bushiya, in ba haka ba za ku ɗauka gidanmu ba masu lafiya. Duk yammacin Asabar Yaya takan kawo 'yan matanta biyu, a sauke labulen falo, a cika babbar roba da gugguru, a kunna katun. Wai don yara ake yi. Amma ku zo ku ga wanda ya fi kowa matsawa kusa da talabijin: Baba ne, tabarau a kan hanci. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, sai dai har yau zuciyarsa ba ta ajiye alli ba. Da fim ya ƙare zai cire tabarau ya goge da bakin riga, ya fitar mana da darasi, sannan ya yi abin da muke kira rabo. Wato ya ɗauki dabbobin cikin fim ɗin ɗaya bayan ɗaya ya raba wa mutanen gida. Abin da Baba ya ba ka ya zauna, babu ɗaukaka ƙara. Mama ta daɗe tana amsa Tantabara. Mijin Yaya har gobe Raƙumin Dawa ne, labari ya kai har wurin aikinsa. Ni kuwa tun wani fim da muka kalla bara, mai wata bushiya da ko kallonta aka yi sai ta dunƙule, sunan ya bi ni, har mai kawo mana gas da shi yake kirana.

Wanda kuma bai san Mai Makulli ba, ga shi a taƙaice. Ina aiki a gidan hoto, ni ce mai zama gaban kwamfuta ina goge wa amare ƙuraje, ina rage wa angwaye tumbi. Wata safiya makulli ya karye a cikin ƙofar shagon, muka yi cirko-cirko a waje, maigidanmu ya kira mai gyara. Ya zo a makare, riƙe da wani jan akwatin ƙarfe, yana tafiya ƙafafu a buɗe kamar mai tsallake kwata. Ƙato ne, in ya tsaya a bakin ƙofa sai hasken ɗaki ya ragu, ga wani tabo da ya taso daga girarsa ta hagu ya sauko har kunci. Ya durƙusa gaban ƙofar nan yana lallashinta, wai "haba 'yar gari, wa ya taɓa min ke?" Dariya ta kufce min, ya ɗago ya kalle ni, to daga nan ne. Tabon da ke firgita mutane kuwa, kan keken ɗinkin mahaifiyarsa ya faɗo yana ƙarami, garin satar sukari a saman kabad. Ita ce kaɗai satar da na san ya taɓa yi, ita ma bai ci nasara ba.

Ranar da zan nuna hotonsa a gida, ba zan ɓoye muku ba, sai da hannuna ya yi ƙaiƙayi a gaban kwamfuta. Share tabo irin wannan aikina ne na kullum. Na dai daure na bar shi yadda yake, har ina yaba wa kaina.

Mama ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuskarta.

"A ina kika ce yake zaune?"

"Bayan tasha."

"Bayan tasha," ta maimaita a hankali, ta miƙa wa Gwaggo wayar.

Gwaggo ƙanwar Baba ce, tare muke zaune tun rasuwar mijinta, kuma babu labarin da zai shigo unguwarmu bai fara gaishe ta ba. Ta daɗe tana kallon hoton, ta buɗe shi da yatsu biyu har tabon ya cika fuskar wayar.

"Wannan sara ne. Na san sara in na gani. Kuma sana'arsa me?"

"Gyaran makulli da kwaɗo."

"Wato mutumin da babu ƙofar da ke gagararsa. Bushiya, ai wannan ɓarawo ne da ya samu shago."

Ita Gwaggo tana da nata ɗan takarar, ɗan aminiyarta ne, ma'aikacin banki. Ni Turare nake kiransa, don ƙamshinsa kan riga shi yin sallama, ya tafi kuma ya bar mu da atishawa. Ba mugu ba ne, kawai dai in yana magana agogon bango nake kallo. Sai da aka gama surutun, sannan Baba ya ninke jaridarsa.

"Ya zo ranar Asabar in gan shi da idona. In ya kwanta min, ya turo manyansa. In bai kwanta min ba, maganar ta mutu, kuma ba na son kuka."

Kun ji abin da ke gabana. Zama ɗaya, kallo ɗaya, kuma Baba ba ya canza hukunci, ku tambayi Raƙumin Dawa.

A makon nan ko amarya ɗaya ban gyara da daɗin rai ba. Sai ranar Laraba, lokacin hutun cin abinci, ina lalube-lalube a kwamfuta na ci karo da wani katun. Na fara kallo don in rage damuwa, kan in ankara na ajiye cokali. Da ya ƙare na ce wallahi Allah ne ya aiko min da wannan. Na zuba shi a filas ɗin kwamfuta, na kira Yaya.

"Asabar ni zan kawo fim."

Na ba ta labarin fim ɗin. Ta fashe da dariya.

"Ke dai ba ki da dama. Wato Baba za ki koya wa darasi a cikin ajinsa."

"Ba koya masa zan yi ba, hanya zan share."

"Shi mutumin kin gaya masa?"

"Me zan gaya masa? Fim ne fa kawai."

"To," in ji Yaya. Irin "to" ɗin nan nata mai jela, amma ban tsaya na kama jelar ba.

Ranar Asabar tun hantsi muke musayar saƙo.

Shi: Mai Hoto, farar riga ko shuɗiya?

Ni: Shuɗiya. Farar tana ƙara maka faɗi.

Shi: Faɗin ai nawa ne, ba na rigar ba.

Ni: Don Allah kar ka makara. Kuma ka bar akwatin nan a shago.

Shi: Na farko zan gwada. Na biyu ba alkawari, daga wurin aiki zan wuto.

Ni kuwa na canza kaya har sai da gadona ya koma rumfar gwanjo. A ƙarshe na tsaya a doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan maɓallai a hannu, da mayafi ruwan madara, da 'yan kunnen da Yaya ta manta a ɗakina ban tuna mata ba. An goge falo, an canza rigunan kujeru, Mama ta fito da kofunan nan masu bakin zinare da ba a taɓa su sai da dalili. Wannan ya ɗan kwantar min da hankali. Gwaggo kuwa ta zauna a kujerar da ke kallon ƙofa, ta ɗaga filo ta tura jakarta a ƙarƙashi, ta zauna a kai.

Bayan la'asar muka ji tsayuwar babur. Ya makara, kuma ga jan akwati a hannunsa. Yana sunkuye a bakin ƙofar falo yana kwance igiyar takalmi, sai na ji Mama a can cikin gida: ƙaras. Ta matsa gaba, ƙaras. Ɗakinta ta kulle, da ɗakin littattafan Baba, har da sito inda ba komai sai buhun shinkafa da tsohuwar fanka. Sannan ta fito tana gyara mayafi, fuska cike da fara'a, tana "maraba, maraba, sannu da hanya." Na saci kallonsa. Yana ta fama da igiyar takalminsa, na ce alhamdu lillahi bai ji ba.

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, ya gaida Gwaggo, wadda ta amsa wa akwatin maimakon shi. Ya miƙa ledar lemo da ayaba, ya ba 'yan matan Yaya biskit. Ƙaramar ta tsaya gabansa tana kallon tabon ba ko ƙyaftawa, ya ce mata keken ɗinki ne ya cije shi, ta ce ƙarya ne keke ba shi da haƙori, ya ce na mamarsa yana da guda ɗaya. Baba ya yi masa tambayoyin da aka saba, iyaye, karatu, sana'a. Yana amsawa a nutse, hannayensa a kan gwiwa, kofin shayin Mama ya ɓace a cikin tafinsa. Daga nan Baba ya duba agogo.

"Samari, a gidan nan Asabar ranar katun ce. Baƙo ba ya hana, sai dai ya shiga sahu."

"Ai ni ma ina so, Baba."

Yaya ta karɓi filas daga hannuna a ɓoye ta soka a talabijin, aka sauke labule.

Fim ɗin wani garin dabbobi ne a bakin kogi, yawancinsu kaji da tumaki da zomaye. Wata rana Kura ta sauka daga mota da 'yar jakarta tana neman aiki. Ita ba ta cin nama, kabewa take ci, amma wa zai tsaya ya tambaye ta? Ga kuma wata lalura da take fama da ita: in ta tsorata ko ranta ya ɓaci, dariya ce ke ƙwace mata. Duk shagon da ta shiga sai a rufe, ita kuma tana ta ƙyalƙyala dariya idonta fal hawaye. Da ƙyar ta samu aikin sharar titi a gaban Gidan Ƙwai, inda kaji ke ajiye ƙwansu in za su kasuwa.

"Kun ga irinta ko," in ji Gwaggo, bakinta cike da gugguru. "An kai ta inda take so."

Akwai kuma wata Agwagwa mai gyare-gyare, kullum a makare take, tana tafe tana rangaji da akwatin kayan aiki, in ta buɗe shi sai komai ya zube. Duk fitowar da za ta yi sai Mai Makulli ya yi dariya, irin dariyarsa ta gaske, mai sa kafaɗunsa rawa. Da aka kira ta ta gyara ƙofar Gidan Ƙwai, ta ɗaura sakata tana waƙa, sai na ji ya ce a hankali:

"Kash, ta sa ta a juye."

Baba ya waiwayo. "Me ka ce?"

"Sakatar, Baba. A juye ta ɗaura ta. Iska kaɗan za ta buɗe ƙofar nan."

"Ya aka yi ka gane?"

"Na taɓa yi ina koyon aiki. Banɗakin wani mai shago ne, kuma yana ciki iska ta taso."

Baba ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ban cika ganin haka ba, amma a lokacin hankalina ba ya kansu, yana kan Kura, ina jira a zo wurin da na shirya.

Aka zo. Kaji suka dawo daga kasuwa suka tarar da ɓawon ƙwai a farfashe a ƙasa, ba komai a ciki. Washegari ma haka. Zabuwa ta ɗauki labari ta bi gari lungu-lungu, tana farawa da "ni dai ban ce ita ba ce," tana ƙarewa da cewa ita ce. Wata farar Kyanwa mai laushin murya, sakatariyar shugaban gari, ta tara sa hannu a kori Kura, tana yi tana murmushi. Aka tsare Kura a tsakiyar kasuwa ana tambayarta, tsoro ya kama ta, dariya ta ƙwace mata. Gari ya ce kun gani, har dariya take yi mana.

"Ita ce," in ji Gwaggo. "Wallahi ita ce. Dubi haƙora."

"Gwaggo, kabewa fa take ci," in ji babbar 'yar Yaya.

"A gaban mutane ba."

Dabbobin gari suka ɗauki sanduna suka nufi bukkar Kura, suka banke ƙofa. Sai ga ta kwance a ƙasa ta ƙi ko motsi, 'yan tsaki sun lafe a cikin gashinta suna barci. Ashe ba wanda ya ci ƙwai, ƙyanƙyashewa suka yi. Sakatar Agwagwa ta buɗe, suka fito cikin sanyi suna neman ɗumi, suka bi ta har gida. Ita kuma ta rasa yadda za ta yi ta mayar da su, don ta san in aka gan ta da ɗan tsako a hannu ba wanda zai tsaya jin bayani. Sai ta riƙa tauna musu kabewa tana ba su, tana kwana a gefe ɗaya don kar ta danne su.

Mama na share ido da gefen mayafi. Gwaggo ta ce gishirin gugguru ne ya shiga mata ido. Ni kuwa zuciyata rawa take, ina cewa a raina Bushiya, ke ce ƙarshe.

Aka ɗaga labule, Baba ya cire tabarau ya goge, ya gyara murya.

"To. Mai wannan fim ya san abin da yake yi. Me ya sa ya ɗauko kura, bai ɗauko zomo ba? Saboda tun kafin ta buɗe baki kowa a ɗakin nan ya gama yanke mata hukunci, har da ni. Kajin nan ba mugaye ba ne, tsoro ne da su, kuma mai tsoro ba ya bincike. Zabuwa ba ta ƙirƙiri ƙarya ko ɗaya ba, abin da gari ke son ji ta kai masa har gida. Kyanwa kuwa, saboda fara ce mai laushin murya, ba wanda ya tambaye ta me ta gani da idonta. Sannan ku lura da dariyar nan. Abin da ke nuna ciwonta shi suka mayar shaidar laifinta. Kun ji darasin yau."

"Mun ji, Malam," muka amsa tare, yadda muka saba.

"Saura rabo."

Yaran suka gyara zama. Baba ya nuna Gwaggo da tabarau.

"Zabuwa."

"Yaya, ni? Me na ce? Ni dai ban ce ita ba ce."

Falo ya kwashe da dariya, har ita sai da ta rufe baki da mayafi. Mama ta samu babbar Kaza, wadda ta fara ɗaukar sanda kuma ta fara neman gafara. Yaran aka ba su 'yan tsaki. Kyanwa, Baba ya ce mai ita ba ya nan amma ƙamshinsa bai gama fita daga labule ba, Gwaggo ta ƙware da shayi. Ni ya ce in ci gaba da riƙe bushiyata, ba a samu wadda ta fi ta dacewa ba.

Sannan ya juya ga baƙo. Fuskar Baba ta yi laushi, irin yadda take yi in tsohon ɗalibinsa ya tare shi a hanya.

"Samari, ba a taɓa sa baƙo a rabo ranar farko ba, amma kai zan sa ka. Kai ne Kura. Mun gan ka, mun ji unguwarku, mun ji sana'arka, muka ɗauki sanduna. Yau an banke ƙofa mun ga 'yan tsaki. Ka gaya wa manyanka ina jiransu."

Jama'a, na so in tashi in yi tsalle. Yaya ta matse min hannu, ta kashe min ido. Yara suka hau tafi suna "Kawu Kura, Kawu Kura." Mama ta matso da farantin biskit gabansa.

"Ka yafe mana, ɗana. Wallahi da na ga hotonka sai da gabana ya faɗi."

"Ai ba duka kuraye ne ke cin mutane ba," in ji Gwaggo, tana zaro jakarta daga ƙarƙashin filo ta ɗora a cinya. A wurinta wannan babbar karramawa ce.

Ya yi dariya. Ya ce na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Ya sake yin dariya, 'yar gajera, kafaɗunsa ba su motsa ba. Na lura, amma farin ciki ya hana ni tsayawa a kai.

"Kaka, Agwagwa fa?" in ji ƙaramar. "Ba a ba kowa ba."

"Agwagwa ba ta da mai ita wannan karon," in ji Baba.

Mai Makulli ya sunkuya ya jawo akwatinsa kusa da ƙafarsa, ya ce zai koma, akwai aikin da ya bari.

Na raka shi bakin get, bakina har kunne. Ina ta zuba, ka ga Mama har da kuka, ka ga Gwaggo ta saki jaka, ka san Baba bai taɓa yi wa kowa haka ba, ko mijin Yaya sai da ya yi zuwa da yawa. Yana ɗaure akwatin a bayan babur da igiyar roba, yana cewa "haka ne," "ƙwarai." Ya ja igiyar ya sake ja, alhali ta ɗauru tun ɗazu.

"Ba ka yi murna ba ne?"

"Na yi, Mai Hoto. Shiga gida, ana jiranki."

Na koma ciki ina taka ƙasa da ƙyar. Na taya Yaya kwashe kofuna, na sha tsokana, na shige ɗaki na cire 'yan kunne na faɗa kan tarin kayan da ke gado. Ina shirin rubuta masa irin ɗinkin da nake so a yi min, sai ga saƙonsa ya shigo. Ashe ko nisa bai yi ba, ya tsaya a gefen hanya ne.

Shi: Baba mutumin kirki ne. Na ji daɗin zama da shi.

Ni: Na gaya maka ai.

Shi: Ina cire takalmi na ji an kulle ƙofofi. Ta ƙarshen ma tana son mai. Kar ki damu, sana'ata ce, kunnena ba ya kuskure su. Wannan bai dame ni ba, na saba. In na shiga gida gyara, matar gida kan bi ni da ido har in fita.

Na tashi zaune. Kunya ta rufe ni, na fara rubuta ban haƙuri, wani saƙon ya riga ni.

Shi: Ni duk tsawon fim ɗin nan Agwagwa nake kallo. Ga makara, ga akwati, ga tafiyar. Har na ƙagu a gama in ce miki kin ga an saka ni a katun. Ko sau ɗaya ban kalli Kura na ga kaina ba, sai da Baba ya faɗa na ga kowa ya gyaɗa kai.

Shi: Su ban ga laifinsu ba, yau suka fara ganina. Abu ɗaya nake so in sani.

Shi: Wa ya zaɓi fim ɗin?

Na tuna ranar Laraba, ni kaɗai gaban kwamfuta da cokali a hannu. Agwagwar nan ta fito a gabana da akwatinta da makararta da tafiyarta, sak mutumin da na sani ciki da waje, amma ban gan shi a jikinta ba. Kura na gani na ce ga shi nan. Gwaggo ko hoto kawai ta gani, ni kuwa na san labarin sukari da keken ɗinki. Abin ya yi min ciwo, kuma na ji tsoro, don ban taɓa jin ya yi min tambaya a taƙaice haka ba.

Na rubuta "Yaya ce ta saka," wanda ba ƙarya ba ne, ita ta soka filas ɗin. Na goge. Na rubuta "yara ne suka zaɓa." Na goge. Na rubuta wani dogon bayani mai farawa da "don mu na yi," na karanta shi, ni kaina bai gamsar da ni ba.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mama ce, mayafi a kafaɗa, tana zazzage 'yar jakar hannunta a tafi.

"Bushiya, ba ki ga makullan nan ba? Na ɗaure su wuri ɗaya na ɓoye, na manta inda na sa. Mun duba cikin firji, mun ɗaga kujeru, Gwaggonki har ta juye kwandon shara. Ga maganin Babanku a ɗakina, kuma lokacin shansa ya yi."

Na kife wayar a cinyata.

"Kira mana Kuran nan naki, bai yi nisa ba. Ai yanzu ɗan gida ne, ya zo ya buɗe mana."

Ta juya ta koma wajen neman. Na dubi wayar. Yana kan layi, tambayarsa na nan a ƙasa tana jirana. Na goge dogon bayanin nan gaba ɗaya, na rubuta kalma biyu na tura kafin zuciyata ta hana ni.

Ni: Ni ce.

Alamar ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Daga can cikin gida ina jin Gwaggo na jijjiga hannun ƙofar da aka kulle saboda shi, Mama kuma ta ɗaga murya.

"Bushiya, ya ce zai zo?"